A Gina Wa Matafiya Masauki A Magama

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da na gani da idona.

A daminar bara na taso daga Maraɗi da 'yan kayana, na biyo ta Ɗan Isa. Muna isowa Magama ta Jibiya bayan magariba sai hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Direbobi suka ce ba mai kama hanyar Katsina cikin daren nan. Muka cunkushe a rumfar mai shayi, har da mata masu goyo, kowa na rawar ɗari.

Wani dattijo, Allah Ya saka masa, shi ya buɗe mana zaurensa, ya kai matan cikin gida, aka fito mana da tuwo. Ko sisi bai karɓa ba. To amma zaure ɗaya mutum nawa zai ɗauka? Wasu a gindin mota suka kwana, garinsu ya jiƙe, jari ya tafi.

Ba mu manta da ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a Jibiya cikin dare. Saboda haka ina roƙon ƙaramar hukuma da masu hali su gina mana masauki a kan tudu, nesa da gulbi, ɓangaren mata daban. Rigakafi dai ya fi magani.

Wassalam.

Naka,
Manomi mai 'yar tireda,
Katsina.