A Yi Tausa, Amma Kada A Manta Da Asibiti

Ina so in yi magana da 'yan'uwana malamai da masu koyon aikin malanta a kan tausar tafin ƙafa, wadda Turawa ke kira rifleksoloji. A Ingila da Amurka waɗansu kamfanoni sukan ɗauko masu wannan sana'a su zo ofis ko wurin babban taro, su kafa kujera a gefe. Ma'aikaci ya zo ya tuɓe takalmi, a yi ta danna masa tafin ƙafa na ɗan lokaci, kana ya koma bakin aikinsa.

Ni kaina an taɓa yi mini a wani taron malamai. Gaskiya na ji daɗi, don kowa ya san halin da ƙafar malami ke ciki in ya wuni tsaye gaban allo. Amma da mai tausar ta danna wani wuri na ce wash, sai ta ce wai ƙodata ce ba ta da lafiya. To, nan fa muka raba hanya.

Ga asalin abin. Wajen 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, ya ce jikin mutum ya rabu layi 10 daga kai zuwa yatsu, in an danna wani wuri sai zafi ya ragu a wani wurin da ke kan layin. Daga baya wata mata, Eunice Ingham, ta zana taswirar jiki duka a tafin ƙafa, ta fitar da littafinta a 1938. Bisa ga taswirar nan babban yatsa shi ne kai, tudun da ke gindin yatsu shi ne ƙirji, tsakiyar tafi kuwa kayan ciki.

Masana sun auna wannan magana. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 ya duba, bai sami hujja mai ƙarfi ba cewa tausar nan tana warkar da wata cuta. A 2015 kuma binciken gwamnatin Ostareliya bai sami tabbacin amfaninta a wajen magani ba.

Ban ce tausa banza ce ba. Ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26, ga tsoka ga jijiyoyi, in ta gaji aka murza ta dole mutum ya ji sakayau. Mu ma ai mun gaji abin. Tsoho yakan dawo daga gona ya sa jikansa ya tattaka masa baya, amma ba ya cewa yaron ya gano masa ciwon hanta.

Abu biyu nake tsoro. Na farko, mai ciwon gaske ya dogara ga tausa har cuta ta ci ƙarfinsa. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta fara mutuwa ko ta yi gyambo, da wanda ƙafarsa ta kumbura haka kawai, likita ya kamata su fara gani.

Na biyu, kada shugabannin wurin aiki su bar jaki su yi ta dukan taiki. In aji ya cika maƙil, malami ba kujerar zama, ba hutu, albashi kuma sai an ga dama, tausar rabin sa'a a shekara romon baka ne kurum. A gyara waɗannan tukuna.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun tarad da mai tausa a wurin taro, ku miƙa ƙafa ku huta. In ya fara lissafa muku cututtuka, ku yi masa godiya, ku sa takalmanku ku nufi asibiti. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.