Wasannin Ban Dariya Na Sallah: Da Wa Aka Yi Shawara?

Duk shekara in Sallah ta wuce, bayan an gama zancen ɗinki da na tuwo, sai hira ta koma kan abin da gidajen talabijin suka nuna mana. Kullum kuwa ƙorafi ya fi yabo yawa, musamman a kan wasannin ban dariya. To, bari mu duba ko masu ƙorafin suna da gaskiya.

Dattawanmu su ne kan gaba wajen kuka. A ganinsu barkwanci ya tafi tare da masu shi. Suna tuna zamanin da gidan talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ke tara unguwa guda a tsakar gidan mutum ɗaya mai akwati. Suna tuna Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki, da Kasimu Yero, da Karkuzu na Jos. Daga baya CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ta zo da nata. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Rabilu Musa Ibro kuwa tun a 2014. Allah ya jiƙansu. Matasa kuma cewa suke yi an ishe su da maimaici, abin da aka nuna bara shi aka sake kunnawa bana, sai ka ce ɗumame.

Ni a ganina duka biyun sun faɗi rabin magana. Ba a daina haihuwar masu ban dariya ba. Wanda ya ga yadda yara da manya suka rungumi Gidan Badamasi a tashar Arewa24 ya san haka. Kuma ba duk wasan da aka yi a da ne mai tsabta ba. Bambancin shi ne a da akwati ɗaya ne a gida, uba da uwa da suruka da jikoki duk suna zaune gabansa, saboda haka mai shirya wasa ya san akwai kunya a ɗakin. Yau kowane yaro da wayarsa a hannu, mai barkwanci kuma yana tsere ne da 'yan TikTok, waɗanda ba su san ana jin nauyin kowa ba.

Amma akwai kukan da ba a cika ji ba, shi ne namu. Ki ɗauko tsarin ranar Sallah ki auna shi da aikinki. Da Ƙaramar Sallah tun asuba kina murhu, ga shirya yara, ga rabon abinci gida-gida, ga baƙi. Da Babbar Sallah abin ya fi haka: wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafa, da suyar da za ta ci kwana biyu ko uku. Wasan da aka saka da hantsi ko da la'asar, wa zai kalla? Maigida da ya dawo idi ya kishingiɗa, da yara. Ke sai dai ki jiyo dariyarsu daga madafa. Lokacin da za ki zauna, watau bayan sallar isha'i, shi ne lokacin da ya fi tsada a wurin gidan talabijin, don haka an riga an sayar da shi. Ga gaisuwar barka da Sallah daga 'yan siyasa da 'yan kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, ga tallar shinkafa da sinadarin ɗanɗano, da ƙarfe tara kuma tashoshin NTA su koma labaran ƙasa. Kafin a dawo kan wasa barci ya kwashe ki.

Dalilin maimaici ma a nan yake. Sabon wasa kuɗi yake ci: marubuci, 'yan wasa, masu ɗauka. Tsohon faifai kuwa yana ajiye, kyauta ne. Gaisuwar ɗan siyasa ita ke kawo kuɗi, ita za a fara ba wuri. Mai kallo shi ma yanzu lissafi yake yi, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don wasan da aka riga aka gani sau uku ya zama asara. A Kano, inda 'yan sanda suka hana hawan Sallah a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta, iyalai da yawa da suka saba fita kallon Hawan Daushe zama suka yi a gida. Wannan dama ce ta samu ga gidajen talabijin, ban ga alamar sun lura da ita ba.

Sai kuma abin da ake ba mu dariya da shi. Mace a waɗannan wasanni in ba mafaɗaciyar uwargida ba ce, to kishiya ce mai bin boka, ko bazawara mai kwaɗayi. Mai in'ina da gurgu da baƙauye su ma ba su tsira ba. Mu malamai mu ke ganin sakamakon. Ana komawa makaranta bayan hutu sai ki ji sunan da aka kira wani a wasa an liƙa wa yaro mai irin lalurar, ya bi shi har ƙarshen zango. A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a saki. Amma tacewa ba za ta gyara wannan ba, domin izgili ga mai rauni ba ya cikin abin da aka saba yankewa.

Abin da nake roƙon gidajen nan ba mai wuya ba ne. Su fitar da jadawalin Sallah tun saura mako guda, mu san abin da za mu tanadi mai dominsa. Su ware sa'a guda bayan isha'i, a rana ta biyu da ta uku, ga sabon wasa ba tare da gaisuwar kowa a tsakiya ba. Ku kuma 'yan'uwa, kusan kowace tasha tana da shirin da ake buga waya ko a aika saƙo. In kun saurara za ku ji muryoyin maza sun fi yawa. Ku buga tun kafin watan Sallah ya kama, lokacin da ba a gama sayar da sa'o'in ba.