SHARHI: Sai An Daidaita Mudu Kafin Wasan Ful Ya Ci Kasuwar Talabijin

Muhawarar da ake tafkawa a ƙasashen Turai, Amurka da Asiya game da sauya dokoki da kayan wasan ful, domin ya ƙara karɓuwa a gidajen talabijin, ta shafi 'yan kasuwa fiye da yadda ake zato, domin kuwa idan aka tona gindinta za a tarar magana ce ta haja da mai saye. Wasan ful dai shi ne wanda ake bugawa da sanda a kan tebur mai ramuka 6, wanda a garuruwan Nijeriya akan haɗa shi da ɗan'uwansa a kira su sunuka, alhali kowane da girman teburinsa da dokokinsa.

Idan dai ba a manta ba, talabijin ce ta fitar da sunuka daga ɗakunan shaƙatawa na Ingila. A shekarar 1969 tashar BBC ta ƙirƙiro shirin Pot Black domin tallata talabijin mai launi, kuma a shekarar 1985 mutane miliyan 18 da rabi suka raba dare suna kallon karon ƙarshe na gasar duniya tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis, wanda sai a ƙwallon ƙarshe aka san gwani. Irin wannan kasuwa ce masu shirya wasan ful suka daɗe suna haƙilo a kanta.

A halin yanzu kamfanin Matchroom na Ingila, wanda Barry Hearn ya kafa a 1982, shi ne kan gaba a wannan fafutuka. Shi ya ƙirƙiro gasar cin kofin Mosconi tsakanin Turai da Amurka a 1994, ya sayi babbar gasar US Open a 2018, sa'an nan a 2024 ya kai gasar duniya ta ƙwallo tara birnin Jidda na Saudiyya, inda aka raba kyautar dalar Amurka miliyan 1, zakaran gasar Fedor Gorst ya tafi da dala 250,000. Kuɗi irin waɗannan ba daga tikitin shiga suke fitowa ba. Daga masu ɗaukar nauyi da gidajen talabijin suke, su kuwa waɗannan abin da suke saye shi ne idon mai kallo.

Babbar matsalar hajar tana wajen bugun farko, watau fasa ƙwallaye. A wasan ƙwallo tara, ana jera ƙwallaye masu lamba 1 zuwa 9, dole ɗan wasa ya fara taɓa mafi ƙarancin lamba, wanda kuma ya jefa ta 9 a rami shi ya ci zagayen. Da aka samu kayan jeri na zamani masu manne ƙwallaye da juna ba tare da rata ba, sai ya zama ƙwallon da ke gefen jerin kusan kullum tana faɗawa ramin kusurwa, ko da kuwa a hankali aka buga. Corey Deuel na Amurka ya nuna wa duniya haka a gasar US Open ta 2001, lokacin da ya yi amfani da sassauƙan bugu ya lallasa Mika Immonen da ci 11 da babu a karon ƙarshe. Inda kuma doka ta ce wanda ya ci shi zai sake fasawa, gwani kan share zagaye bayan zagaye abokin karawarsa na zaune a kujera. Mai kallon da ya san ƙarshen labari tun daga farkonsa kuwa ba ya jiran talla, tashar kawai zai sauya.

Saboda haka gyaran da aka yi wa bugun farko yana bisa hanya. An matsar da jerin gaba yadda ƙwallo ta 9 ce ke zaune a kan ɗigon tebur maimakon ta 1, aka kuma taƙaita wurin ajiye farar ƙwallo zuwa wani ɗan akwati a tsakiya, domin a rushe lissafin da ya mai da bugun tamkar karatun da aka haddace. Gaskiya ne cewa gwanaye sun sake gano wata dabara, ta jefa ƙwallo ta 1 a ramin tsakiya, amma wannan bugu ne mai neman ƙwarewa, kuma ba ya tabbatar wa mai shi cewa ƙwallo ta gaba za ta zauna masa daidai. Kazalika agogon da ke ba ɗan wasa daƙiƙa 30 ya yi bugu, tare da damar neman ƙari sau ɗaya a kowane zagaye, ba shi da abin zargi. Gidan talabijin lokaci yake sayarwa, ba zai kuwa sayi wasan da bai san sa'ar tashinsa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun faɗin rami. Kaurin ƙwallon ful inci 2 da kwata ne, ke nan ramin da aka saba da shi mai inci 4 da rabi yana ɗaukar ƙwallaye biyu kafaɗa da kafaɗa. Matchroom ya rage shi zuwa kimanin inci 4 a manyan gasanninsa. Masu goyon baya na cewa ta haka ne ake tace gwani daga mai sa'a, kuma kuskure shi ke ba abokin karawa damar tasowa daga kujera. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma tana da iyaka. Idan rami ya cika matsewa, ɗan wasa kan guji bugu mai haɗari ya koma ɓoye farar ƙwallo, wasa ya yi ta jan ƙafa, sai a wayi gari abin da aka samu ta hanyar agogo an zubar da shi ta hanyar rami. Bugu da ƙari, mai kallon da bai san cewa an rage ramin ba zai ɗauka zakaran duniya bai fi gwanin unguwarsu ba. Don haka ya kamata a tsaya a inci 4, kuma masu gabatar da shiri su riƙa bayyana wa jama'a bambancin.

Sauyin launi kuwa hujjarsa ta fi rauni. An daɗe da mai da ƙwallo ta 4 ruwan hoda domin kyamara ta bambanta ta da baƙar ƙwallo, wannan kowa ya fahimta. Amma da aka mai da ta 5 shunayya bayan an san ta da ruwan lemo shekara da shekaru, tsofaffin masoya wasan, musamman a Amurka, sun yi ta ƙorafi, domin shunayya a saninsu launin ta 4 ce. Duk ɗan kasuwa ya san haɗarin sauya kwalin hajar da mai saye ya riga ya gane daga nesa. Har ila yau, bai kamata a manta cewa kamfanonin da ke ƙera ƙwallaye, ƙyallen tebur da teburan kansu suna cikin masu ɗaukar nauyin gasanni ba, kuma kowane sabon salo sabon ciniki ne a gare su. Neman riba ba laifi ba ne, amma mai gidan wasa da ɗan wasan da ke son yin atisaye da irin kayan gasa su ne ke biyan kuɗin.

Tarihi ya nuna cewa gyaran doka da zuba kuɗi kaɗai ba sa riƙe kasuwa. A shekarar 2005 wani ɗan kasuwan Amurka, Kevin Trudeau, ya kafa jerin gasanni na IPT da nasa dokoki da nasa irin ƙyallen tebur, har a 2006 aka sanya wa Efren Reyes na ƙasar Filifin kyautar dala 500,000 a birnin Reno. Ba a je ko'ina ba biyan kyaututtuka ya fara jinkiri, harkar ta durƙushe, domin ba ta da kuɗin shiga mai ɗorewa da zai ɗauki nauyin alkawuran da ta yi.

Abin da ya fi kowane rami ko launi cutar da wasan shi ne rashin mudu ɗaya. Wata gasa na amfani da akwatin fasawa, wata na tilasta wa ƙwallaye uku su faɗa rami ko su haura layi, wata na barin wanda ya ci ya fasa, wata na karɓa-karɓa, wasu kuma sun koma ƙwallo goma inda sai ɗan wasa ya ambaci ramin da ya nufa. A kan wannan ruɗani ne aka ɗora rikicin iko tsakanin Matchroom da hukumar wasan ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987. Rikicin ya ɓarke a 2023, ya kai ga dakatar da 'yan wasa sama da 200 bayan gasar birnin Hanoi ta 2024, kafin ɓangarorin su sasanta a 2025. A tsawon wannan lokaci 'yan wasa ne suka ji a jikinsu, su da ke biyan kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsu, ba su da albashi sai abin da suka ci a tebur. Babu kuma kamfanin da zai sa hannu a yarjejeniyar shekaru alhali bai san ko taurarin da ya biya dominsu za su halarta ba.

Mafita a fili take. Ya kamata masu shirya gasanni da hukumar su amince da faɗin rami ɗaya, dokar fasawa ɗaya da launi ɗaya a dukkan wasannin da ake nunawa, su kuma ɗaure kansu da cewa ba za a taɓa su ba sai bayan wasu shekaru. Duk sabon gyara a fara gwada shi a ƙananan gasanni, a ƙirga sau nawa mai fasawa ke cinye zagaye da kuma tsawon lokacin da wasa ke ɗauka, a buga sakamakon kowa ya gani, sa'an nan a ji ta bakin 'yan wasa kafin a zartar.

Karon ƙarshe na Jidda a 2024 ya tashi 15 da 14 tsakanin Gorst da Eklent Kaci na ƙasar Albaniya, watau sai a zagayen ƙarshe aka raba gardama, kamar yadda ya faru a sunuka a 1985. Wannan ita ce hajar da talabijin ke saye. Duk dokar da ke ƙara yawan irin wannan karo ta cancanci a riƙe ta, wadda kuwa ba ta ƙara komai sai kashe kuɗi da ruɗa mai kallo, gara a ajiye ta tun kafin masu ɗaukar nauyi su juya akalarsu zuwa wani wasan.