Hedimasta da Lafiyar Zuciyar Malami

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, malamin firamare kan yi sammako bisa keke ko babur, ya tarar da aji maƙil da yara, alhali kuwa manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade ɗalibai 35 ga malami guda. Tun daga shirin UPE na 1976 har zuwa ilimi kyauta kuma dole da Jihar Kano ta ƙaddamar a 2019, yara sai ƙaruwa suke yi. Ana ƙidaya ɗalibai da kujeru, amma ba safai ake tambayar halin da zuciyar mai riƙe da alli take ciki ba.

Damuwa ba ragwanci ba ce. Idan ta daɗe, jiki yakan yi ta sakin sinadarin kotisol, barci ya ƙaurace, hawan jini ya samu ƙofa. A 1979 masanin nan Robert Karasek ya bayyana cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne mai nauyi wanda mai yinsa ba shi da ta cewa a cikinsa. Bincike na baya ya ƙara da cewa goyon bayan shugaba da abokan aiki yana rage wannan illa. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙosawa da aiki a matsayin sakamakon damuwar wurin aiki da aka kasa shawo kanta.

A nan ne hedimasta yake da rawar takawa. Gaskiya ne albashi da gina azuzuwa ba a hannunsa suke ba. To amma rabon darussa bisa adalci a hannunsa yake. Haka nan shawartar malamai kafin tsara jadawali, musamman da damina, sa'ad da kowa ke da gonar gero da gyaɗa. Shi ne zai ja malami gefe ya yi masa gyara, maimakon ya tsinka shi a gaban yara. Shi ne kuma zai tsaya tsakaninsa da uban da ya zo a fusace, ya kai maganar gaban mai gari da kwamitin makaranta. Malamin da ya sauya hali, ya daina shiga mutane, jan kunne ba zai warkar da shi ba. A saurare shi, a raka shi asibiti.

Wasu za su ce haƙuri maganin zaman duniya. Haka ne, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk makarantar da ta bar malaminta ya karye, 'ya'yan manoma ne za su biya kuɗin sabulu.