Ranar 19 ga Janairun 2038: shin na'urorin wuta da ruwanmu sun shirya?

Jama'a, akwai wata matsalar na'ura da aka san ranar zuwanta har da minti, amma ba kasafai muke zancenta ba.

Mun ga samfurinta ranar 24 ga Nuwamban 2024. Mitar wutar lantarki ta biya-kafin-ka-sha, wadda ake saka wa lambobi 20, tana gane kowace lamba ne ta hanyar ƙidayar mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993, don kada a saka lamba ɗaya sau biyu. A ranar nan gurbin ƙidayar ya cika. Mitar da ba a sabunta ba sai ta ƙi karɓar sabuwar lamba: ga kuɗi an biya, ga gida cikin duhu. Shi ya sa a Najeriya, Kenya da Afirka ta Kudu aka yi ta kiran jama'a su saka wasu lambobi na musamman kafin wa'adin. A Afirka ta Kudu har dogayen layuka aka yi a ofisoshin kamfanin Eskom.

To, babbar tana tafe. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970. A masu tsohon tsari, ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 na asuba agogon Nijar, sai agogonsu ya koma Disamban 1901.

Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi an gyara su. Abin damuwar shi ne ƴan ƙananan kwamfutocin da ke ɓoye cikin injinan tura ruwa, tashoshin rarraba wuta, eriyoyin salula da kayan asibiti. Irin waɗannan akan girka su a manta da su shekara 15 ko 20. Ke nan injin da aka sayo bana zai iya riskar ranar yana kan aiki.

Saboda haka muna ganin ya kamata NIGELEC, masu kula da ruwan famfo da magadan gari su bincika kayan da ke hannunsu. Duk wata kwangilar sayen sababbi kuma, a sa ɗan kasuwa ya rubuta ya sa hannu cewa na'urarsa za ta wuce 2038 lafiya. Tun ran gini ran zane: tambayar ba ta cin ko dala, canjin inji kuwa miliyoyi ne daga aljihun talaka.