Ƙaryar Da Ke Jikin Buhun Dussa

Duk mai dabba a ƙasar nan ya san wahalar bazara. Daga Afrilu zuwa faɗuwar ruwa ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, makiyayi na sayar da bijimi don ya ceci shanun nono. A lokacin ne ake rububin dussar alkama da tunkuzar gurya a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A lokacin ne kuma maha'inta ke cin karensu babu babbaka.

Dussar alkama ta gari tana ɗauke da abin gina jiki, wato furotin, kusan kashi 15 cikin 100. Ɓuntun shinkafa kuwa da ƙyar yake kai kashi 3. In aka niƙa ɓuntun aka gauraya, ido ba ya rabewa, rubutun jikin buhu kuma bai canza ba. Makiyayi ya biya kuɗin dussa, saniya ta cika ciki, nono ya janye, maraƙi ya rame. Wa zai kai ƙara, kuma da wace shaida?

Wannan ha'inci ya taɓa kai wasu gaban alƙali. A 2007, karnuka da kyanwoyi masu yawa sun mutu a Amurka saboda garin da aka shigo da shi daga Sin an zuba masa melamin, sinadarin da ke yaudarar awo ya nuna furotin da babu shi. A 2008 aka gurfanar da masu hannu a ciki. Can dabbobin ƙawa ne. Nan kuwa dabba ita ce rumbun talaka, ita ce sadakin ɗansa, kamar yadda farin 1984 da na 2010 suka koya mana da hawaye.

Nijar ta kafa dokar kiwo tun 2004, amma doka a cikin durowa ba ta tsare kowa. Muna kira ga hukuma da ta tilasta a rubuta sunan mai kaya, nauyi da yawan furotin a kan kowane buhu. Ma'aikatan kiwo su riƙa ɗibar samfuri a kasuwa da kan iyaka ba tare da sanarwa ba. Wanda awo ya ƙaryata rubutunsa, a ƙwace kayan, a ci shi tara mai zafi, a faɗi sunansa a rediyo da Hausa, Fulatanci da Buzanci. Kuma a fara da kayan da gwamnati ke saye don sayarwa da rahusa, domin kuɗin jama'a ne.

Mai tauye mudu ɓarawo ne a shari'a da al'ada. Mai ƙarya a jikin buhu ɗan'uwansa ne.