Bashin Gyaran Muhalli: Zamfarawa, Ku Nemi Rabonku!

Jama'ar Gusau, Tsafe da Bungudu, ku farka! Ana ciyo bashi da sunanku, kuma daga aljihunku za a biya.

A watan Disamban 2017 Gwamnatin Tarayya ta sayar da takardun lamuni na musamman don kare muhalli, ta tara naira biliyan 10.69, a 2019 ta ƙara biliyan 15. An ce na dashen itatuwa ne da wutar sola. Bankin Duniya ma ya ba da rancen dala miliyan 700 a shirin ACReSAL, don farfaɗo da ƙasar noma da ta gaji a jihohin Arewa 19. Zamfara kuma na cikin jihohi 11 da aka sa a shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada. To, wa ya taɓa tara ku ya karanta muku lissafin abin da ya iso nan?

Ku dubi mai noman rani a bakin Gulbin Sakkwato. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ke cinye ribar tumatir da albasarsa. Famfo mai aiki da hasken rana zai raba shi da fetur, ga rana kuwa Allah Ya hore mana kyauta. Kuɗin sayen ne babu. In ya nufi banki, ya tarar da kuɗin ruwa mai tsada: a Nuwamban 2024 Babban Banki ya ɗaga shi har kashi 27.5 cikin ɗari, kafin bankin ya ɗora nasa. Ko da zai iya biya, addininsa ya hana shi riba, kuma ba za mu ce ya sayar da lahirarsa don famfo ba.

Mafita na nan. A 2017 gwamnati ta tara naira biliyan 100 ta hanyar Sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, babu ruwa, ta gina hanyoyi. Me zai hana a yi irinsa don famfunan sola, rijiyoyin burtsatse da gandun itatuwa? Babban Banki ya buɗe wa bankunan Musulunci ƙofar bai wa manomi kayan aiki, ya biya bayan girbi.

Wasu za su ce tsaro tukuna. Gaskiya ne. Sai dai gyaran muhalli ma tsaro ne: ruwan sha, wuraren kiwo da burtali na cikin abubuwan da suka fara haɗa manomi da makiyayi faɗa.

Ƙungiyoyin manoma, limamai, iyayenmu mata da matasa, ku halarci zaman sauraron ra'ayi kan kasafin kuɗin jiha. Ku tsare ɗan majalisarku da shugaban ƙaramar hukumarku da tambaya: nawa aka karɓa daga asusun kula da muhalli, a wane ƙauye aka kashe? Kada ku tashi sai an ba ku amsa a rubuce!